Jerin adireshi dubu goma: Excel, rumbun bayanai, ko a ba kamfani?

Duk ofishin da ke aika wasiƙu masu yawa ta gidan waya, ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ce, ko ta gama-kai, ko makaranta, ko mujalla mai masu biyan kuɗin shekara, ko kamfanin da ke kiran masu hannun jari taro, wata rana sai ya zauna ya yanke shawarar inda zai riƙa ajiye sunaye da adireshin mutanensa. Hanyoyin da ake bi huɗu ne: teburin Excel ko Google Sheets, rumbun bayanai irin Access, manhajar kula da mambobi da ke kan intanet, ko a miƙa aikin ga kamfanin da sana'arsa ke nan.

Yawanci da yawan sunaye ake auna wannan zaɓi, kuma ma'aunin bai dace ba. Shafi ɗaya na Excel yana ɗaukar layi 1,048,576, fayil ɗin Google Sheets kuwa yana kai wa gidan rubutu (cell) miliyan 10. Suna dubu goma, kai ko dubu hamsin, ba nauyi ba ne a wurinsu. Abin da ke raba gardama shi ne hannu nawa ke taɓa jerin, sau nawa ake aike a shekara, sannan ko ana bukatar tarihin kowane mutum, wato yaushe ya biya, me aka aika masa, wace wasiƙa ta dawo.

Dalilin da ya sa abin ya cancanci kulawa kuɗi ne. Kowane adireshi mara kyau yana cin takarda, tona (garin da firintar leza ke bugu da shi), ambulan, kan sarki da lokacin ma'aikaci. A ce jerinku suna 10,000 ne, kuma 8 cikin ɗari ko dai maimaici ne ko masu su sun tashi. Ambulan 800 ke nan a kowane aike. In sau huɗu kuke aike a shekara, ambulan 3,200 kuka biya wa kuɗi ba wanda ya buɗe su.

Gurabe kafin manhaja

Ko wace hanya aka zaɓa, jerin da aka cusa suna da adireshi a gurbi ɗaya ba ya gyaruwa. Kowane mutum layi ɗaya, kowane bayani gurbinsa daban. Gurbi na farko lambar mutum ce, wadda ba ta canzawa kuma ba a sake ba wani ita ko da mai ita ya rasu. Sai laƙabi shi kaɗai: Alhaji, Hajiya, Malam, Malama, Dokta, Injiniya. In aka haɗa laƙabi da suna, ranar da aka jera sunaye bisa baƙaƙe rabin jerin zai taru ƙarƙashin A da H da M. Sai sunan yanka, sunan uba, da suna na uku. A kula da na ukun nan, domin sau da yawa sunan gari ne, kamar Gusau ko Kazaure ko Funtuwa, kuma akawu mai gaggawa yakan jefa shi gurbin gari alhali mutumin a Abuja yake zaune.

Adireshi kansa a rarraba shi: ta hannun wa, lambar gida da titi, unguwa, gari, ƙaramar hukuma, jiha, lambar gidan waya, ƙasa. Akwatin gidan waya da jakar P.M.B. a ba su gurbinsu, tare da wani gurbi da ke nuna wanne za a buga a ambulan. Wanda ke da akwati ko jaka, ita ce ta fi tabbas ga wasiƙar gidan waya, musamman a unguwannin da adireshinsu kwatance ne, irin “bayan masallacin Juma'a, gida na uku”. Amma kada a share adireshin gida, don kamfanonin kai saƙo hannu da hannu shi suke nema, tare da lambar waya.

Jiha da ƙaramar hukuma kada a bari a riƙa rubuta su da hannu. Jihohi 36 ne da Abuja, ƙananan hukumomi 774. A shigar da su sau ɗaya, akawu ya riƙa zaɓa daga jeri. Wannan yana da muhimmanci a Arewa saboda maimaituwar sunayen unguwanni. Akwai Tudun Wada a Kano, Kaduna, Zariya, Gusau da Jos. Akwai Sabon Gari a Kano da Zariya. Nasarawa jiha ce, kuma ƙaramar hukuma ce a Kano. Dutsen Jigawa daban, Dutsen Alhaji na Abuja daban. Sannan a tsayar da doka ɗaya kan taƙaice suna: ko T/Wada, U/Rimi, K/Namoda, B/Kebbi a ko'ina, ko a rubuta su cikakku a ko'ina. Cikakku sun fi, domin kwamfuta ba ta san T/Wada da Tudun Wada wuri ɗaya ba ne.

Lambar gidan waya ta Najeriya alƙaluma shida ce. Ukun farko suna nuna yankin da ake tura jakar wasiƙu, ukun ƙarshe wurin rabawa. Babban gidan wayar Kano 700001, na Kaduna 800001, na Sakkwato 840001, na Abuja 900001. Ta Nijar alƙaluma huɗu ce, kuma a can B.P. ake rubutawa a madadin P.O. Box. Gana ta ƙaddamar da adireshin GhanaPostGPS a 2017, wanda ke haɗa haruffa da alƙaluma. Jerin da ke da mambobi a Maraɗi ko Kumasi dole gurbin nan ya karɓi kowane iri.

Gurabe huɗu na ƙarshe su ake yawan mantawa, su ne kuma ke riƙe da jerin: matsayi, wato mai aiki, ya tashi, ya rasu, ko ya ce a daina aika masa, ranar da aka tabbatar da adireshin, inda aka samo shi, da adadin wasiƙun da suka dawo.

Excel da Google Sheets

Amfaninsu a fili yake. Kusan kowane akawu ya iya, kowane shagon kwamfuta zai buɗe fayil ɗin, kuma Word yana jan sunaye daga Excel kai tsaye ta hanyar Mail Merge, wato umarnin da ke saka sunan kowa da adireshinsa a wasiƙa ko ambulan. Ofishin da mutum ɗaya ke riƙe da jeri, ana aike sau biyu zuwa huɗu a shekara, ba ya bukatar abin da ya wuce haka.

Matsalar Excel ita ce yana gyara abin da ba a sa shi ba, kuma ba ya faɗa. Lambar waya mai farawa da 080 sai ya ɗauke ta lissafi ya yar da sifirin farko. Haka yake yi wa lambobin gidan waya na arewa maso gabashin Amurka, irin na New Jersey da Massachusetts, da ke farawa da sifiri. Lambar gida kamar 12/5 sai ya mai da ita kwanan wata. Maganin duka shi ne a mai da waɗannan gurabe na rubutu zalla tun kafin a fara shigar da komai. In an riga an shigar, canza nau'in gurbin ba ya dawo da abin da ya ɓata.

Umarnin TRIM yana cire giɓin da ya yi yawa tsakanin kalmomi, kuma ya kamata a bi kowane gurbi da shi. Umarnin PROPER kuwa a yi hattara da shi. Yana ɗaga duk harafin da ya biyo bayan wata alama, don haka Sa'idu ya koma Sa'Idu, Mu'azu ya koma Mu'Azu, GRA ta koma Gra. Sai kuma haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. In aka adana fayil a matsayin CSV (fayil ɗin tebur mai rubutu zalla) na gargajiya, sukan koma alamar tambaya, Ɗanladi ya zama ?anladi a ambulan dubu. A zaɓi CSV UTF-8, sannan a gwada ko salon rubutun da za a buga da shi yana da waɗannan haruffa.

Babbar ɓarna ita ce jera gurbi ɗaya a bar sauran. Sunaye su motsa, adireshi su tsaya, kowa ya sami gidan wani. In aka adana aka rufe, babu gyara sai daga kwafin ajiya. Saboda haka a mai da jerin cikakken tebur da Ctrl+T, kada a bar layi ko gurbi fanko a tsakiya, kuma kafin kowane babban gyara a ajiye kwafi mai kwanan wata a sunansa. Akwai wata kuma da ke bayyana wajen Mail Merge: Word yakan duba layuka takwas na farko ya yanke ko gurbi na lissafi ne ko na rubutu. In na farkon duk alƙaluma ne, lambar gida irin 14B da ke can ƙasa tana iya fitowa sifiri.

Google Sheets ya magance matsala guda da Excel na kan kwamfuta ɗaya ba ya iyawa: kowa fayil ɗaya yake gani, kuma akwai tarihin wanda ya canza me. Wannan ya kawar da halin nan na kwafi uku a filashi uku, kowane sakatare yana cewa nasa ne na gaskiya. Sai dai yana son intanet, kuma duk wanda aka ba ikon gyara yana iya kwafe jerin gaba ɗaya.

Maimaici

Nan ne aikin ya fi wuya, kuma babu manhajar da ke gama shi ita kaɗai. Muhammad, Mohammed, Muhammadu da Moh'd mutum ɗaya na iya zama. Abubakar a takardar makaranta, Garba a takardar ƙungiya. A ɗaya ɓangaren kuma, Musa Ibrahim biyu a Fagge ba abin mamaki ba ne, kuma mutane biyu ne. Maɓallin Remove Duplicates na Excel layukan da suka yi daidai harafi da harafi kawai yake gani, yana barin na farko ya share sauran ba tare da tambaya ba, alhali sau da yawa na ƙarshen ne ke ɗauke da sabon adireshi.

Hanyar da ke aiki ita ce a fara da lambar waya, bayan an daidaita rubutunta, domin +234 da sifirin farko abu ɗaya ne. A yi amfani da COUNTIF a fito da lambobin da suka bayyana fiye da sau ɗaya. Sai a bi da lambar akwati haɗe da gari, sai suna haɗe da unguwa. Manhajar OpenRefine, wadda kyauta ce kuma a kan kwamfutarku take aiki, tana tara sunayen da suka yi kama ta nuna su rukuni-rukuni, mutum ya duba ya ce a haɗe ko a bari. Hukuncin ƙarshe na wanda ya san mutanen ne. Kuma a haɗe layukan, kada a share: a riƙe tsohuwar lamba da sabon adireshi. Akwati ɗaya mai suna goma ba lallai maimaici ba ne, yana iya zama na makaranta ko ma'aikata. In mujalla ko sanarwa ce ba takardar sirri ba, a ɗaure su ƙunshi ɗaya a rage kuɗin aike.

Rumbun bayanai

Access yana fara biyan wahalarsa ne ranar da kuka ga kuna ƙara gurabe irin “kuɗin 2023”, “kuɗin 2024”, “adireshi na biyu”, “adireshi na uku”. Wannan alama ce cewa bayanan sun fi ƙarfin tebur ɗaya. A rumbu ana yin teburin mutane, teburin adireshi, teburin biya da teburin aike, lambar mutum ta ɗaure su. Akawu fom yake gani, ba ya ganin teburin, kuma fom ɗin yana iya ƙin karɓar layin da babu jiha ko lambar da aka riga aka ba wani. Tambaya irin “waɗanda suka biya bana, suna Katsina, kuma wasiƙarsu ba ta taɓa dawowa ba” ana gina ta sau ɗaya a riƙa kiranta. Rikicin jera gurbi ɗaya ba ya faruwa a nan sam.

Abin da za a biya shi ne gini da kulawa. Access a kan Windows kawai yake aiki, kuma fayil ɗinsa ba ya wuce gigabayit 2, ko da yake adireshi zalla ba za su kai nan ba sai in an cusa hotuna. In mutane da yawa za su yi aiki tare, a raba shi biyu: teburori a kwamfuta ɗaya, fom a kwamfutar kowa. Ɗaukewar wuta ko yankewar sadarwa ana tsakiyar rubutu tana iya lalata fayil ɗin, don haka kwamfutar da ke riƙe da teburorin tana bukatar batirin ko-ta-kwana, kuma haɗi da kebul ya fi Wi-Fi aminci. LibreOffice Base yana yin irin wannan aiki kyauta, sai dai masu iya shi sun fi ƙaranci. Haɗarin da ya fi waɗannan shi ne mutum ɗaya ya gina rumbun ya bar aiki, ba wanda ya san yadda aka ƙulla shi. A sa ya rubuta bayanin kowane tebur kafin a biya shi.

Manhajar kan intanet

Ƙungiyar da ke da rassa a jihohi, kowane reshe yana gyara nasa mambobin, ita ce ke bukatar wannan. CiviCRM misali ce: kyauta ce, don ƙungiyoyi aka yi ta, tana zama a kan manhajar gina shafin intanet irin WordPress ko Drupal ko Joomla, tana da dokokin gano maimaici, tana haɗa 'yan gida ɗaya, tana da alamar kada a aika wa wane, kuma tana fitar da sitikar adireshi. Ana iya ba sakataren Bauchi ikon ganin mutanen Bauchi kaɗai. Manhajar ce kyauta, amma saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da ita a intanet, da mai kula da ita kuɗi ne duk shekara, waɗanda ake haya kuwa galibi da dala ake biya. Kafin a shiga kowace, a gwada fitar da jerin gaba ɗaya zuwa CSV. Wadda ba ta barin a fita da bayanai cikin sauƙi, kada a shige ta.

Ba wa kamfani

A Amurka wannan hanya tana da riba ta musamman, domin gidan wayarsu yana rage kuɗi ga wanda ya kawo wasiƙu a tsare: aƙalla 200 in na talla ne, 500 in masu daraja ta ɗaya ne, da sharaɗin an sabunta adireshin cikin kwana 95 kafin aike. Suna da rumbun waɗanda suka sauya gida, NCOALink, wanda kamfanoni masu lasisi ke gwada jeri da shi. Birtaniya tana da kundin adireshi na Royal Mail mai suna PAF. A can kamfani yana iya gyara maka jeri da na'ura cikin sa'o'i.

A Najeriya abin da kamfani ko maɗaba'a za ta ɗauke muku shi ne bugawa, ninkewa, cusawa da kai wa gidan waya. NIPOST ma tana da sashen Bulkpost na masu aike da yawa. Aikin hannun nan ba ƙarami ba ne. In kowane ambulan yana cin daƙiƙa 30, dubu goma sun haura awa 83, kusan kwana uku na aikin mutum huɗu in ba a tsaya ba. Amma sanin wa ya tashi daga Zariya ya koma Lafiya, wannan naku ne. Don haka a ba da aikin, a riƙe jerin. A kowane aike a fitar musu da gurabun da za a buga kawai, a fayil mai kalmar sirri. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhaki a kan mai jerin ko da wani ne ke masa aiki, kuma ta ba mutum ikon cewa a daina aika masa talla. A rubuta yarjejeniya cewa ba za su yi wani amfani da jerin ba kuma za su share shi bayan aiki. A kuma saka adireshin ma'aikatanku uku ko huɗu a garuruwa daban-daban, da wata 'yar alama a sunan da ku kaɗai kuka sani. Da su za ku san ranar da wasiƙu suka isa, da su kuma za ku gane in jerin ya fita hannun wani.

Sitika, taga, ko bugu kan ambulan

Sitika ita ce ta kowane aiki, har da mujalla da babban ambulan. Samfurin Avery L7160 yana da 21 a takardar A4, kowace milimita 63.5 da 38.1, don haka suna 10,000 takarda 477 ne. L7163 yana da 14, faɗinsa milimita 99.1, takarda 715 ke nan, amma shi ya fi dacewa da dogon adireshi mai “ta hannun”. Abin da ke ɓata sitika kusan kullum girman shafi ne: Word ko firinta tana kan Letter, takardar kuwa A4 ce, sai rubutu ya riƙa zamewa har na ƙasa ya hau kan tsaga. A sa A4, a buga a kan 100 cikin ɗari, a fara gwadawa a farar takarda a ɗora ta kan ta sitikar a duba a haske. Takardar da aka ɓare wasu daga cikinta kada a mayar da ita firintar leza, domin zafi yana ɓamɓare sauran su manne a ciki. Tona ta fi tawada jure ruwan damina.

In kowace wasiƙa da sunan mai ita, kamar takardar bashi ko sakamakon jarrabawa, ambulan mai taga ya fi komai. Sau ɗaya ake buga adireshi, a jikin wasiƙar, don haka takardar wani ba za ta shiga ambulan wani ba. Ambulan DL, milimita 110 da 220, yana ɗaukar A4 ninki uku; C5 ninki biyu; C4 ba ninki. A cusa guda goma a bubbuga su ta kowane gefe, a ga ko adireshin yana ɓuya ko wani sirri yana leƙowa ta tagar. Bugu kai tsaye kan ambulan ya fi kyan gani, amma ƙaramar firintar ofis tana yawan cije shi, kuma da damina zafin leza yana iya liƙe bakin ambulan mai danƙo. Ya dace da ɗaruruwa, dubbai kuwa sai maɗaba'a.

A auna nauyi kafin a buga. Takardar A4 mai alamar 80gsm tana da nauyin giram 5, ambulan DL ma kusan haka. Takarda uku da ambulan sun kai bakin giram 20, inda gidajen waya da yawa ke ƙare matakin farko na kuɗi. Buga gaba da baya yana iya hana dubban wasiƙu tsallakawa mataki na biyu. A kai cikakken samfuri ɗaya gidan waya a ɗora a sikelinsu.

Wanne za a ɗauka

Akawu ɗaya, aike kaɗan, ba tarihin biya: Excel mai tsararrun gurabe. Mutum biyu ko uku a wurare daban: Google Sheets, ikon gyara ga mutum biyu kawai. Ofis ɗaya mai kuɗin shekara da aike duk wata: Access. Rassa da yawa: manhajar intanet. Ninkewa da cusawa kuwa, da zarar sun fara cinye makon ma'aikata, a ba da su waje ko da wace hanya ake ajiye jerin.

Ko wanne aka ɗauka, a buga adireshin ofis a bayan ambulan, a kuma buga lambar mutum da ƙananan alƙaluma a saman sunansa. Wasiƙar da ta dawo, da lambar za a nemo mai ita cikin daƙiƙoƙi. Dawowa ta farko a kira shi a waya ko a tura masa saƙo. Ta biyu a jere, a mai da matsayinsa “a dakata”. Wanda ya rasu ko ya ce a daina, matsayinsa ake canzawa, ba a share layinsa, domin in aka share, ranar da wani reshe ya kawo tsohon jerinsa sunan zai sake shigowa, wasiƙa ta je wa iyalan mamaci da sunansa. A ranar aike kuma a jera fayil ɗin bisa jiha da lambar gidan waya kafin a buga, yadda ambulan za su fito a tsare, a ɗaure su hamsin-hamsin da takardar sunan gari a sama, a kuma sanar da shugaban gidan wayar kwanaki kafin a kawo kayan.